Yafe kuɗin makaranta ga 'ya'yan sojojin da suka naƙasa: abin da ya faru a jihar Virginia a 2024

A jihar Virginia ta ƙasar Amurka akwai wani shiri da ke yafe wa 'ya'ya da abokan auren wasu tsofaffin sojoji kuɗin makaranta a jami'o'i da kwalejojin gwamnatin jihar. Ana taƙaita sunansa da VMSDEP. A ranar 13 ga Mayu 2024 majalisar dokokin jihar ta tsaurara sharuɗɗan shirin, sannan a ranar 18 ga Yuli ta dawo ta soke tsaurarawar baki ɗaya. Kwana 66 ne tsakani. Wannan nazari ya bi lamarin daga tushensa har zuwa inda ya tsaya.

Asalin shirin, 1930 zuwa 2018

An kafa shirin a 1930 domin marayun sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya aka shigar da iyalan waɗanda suka ɓace a fagen fama, da waɗanda aka kama fursunonin yaƙi, da waɗanda suka dawo gida da naƙasa mai tsanani. Har zuwa tsakiyar 2019 akwai sharaɗi guda da ya taƙaita yawan masu shiga: sai in a fagen yaƙi ne, ko wani aikin soja mai kama da shi, mutuwar ko naƙasar ta samu sojan.

Virginia jiha ce ta sojoji. Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, tana Arlington. Sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya yana Norfolk, sojojin kundumbala kuma suna da babban sansani a Quantico. 'Yan mazan jiyan da ke zaune a jihar sun kusa dubu 700, kuma da yawansu ba haifaffun can ba ne. Aiki ne ya kai su, da suka tuɓe kaki suka yi zamansu.

Akwai abu ɗaya a ginin shirin da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne jijiyar rikicin da ya biyo baya. Yafewar ba kuɗi ba ce da gwamnatin jiha ke turawa jami'a a madadin ɗalibi. Doka ce ta ce wa jami'a kada ta karɓi kuɗin wannan ɗalibi. Ɗalibin zai zauna a aji, a koyar da shi, ya shiga ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, jami'ar kuma ta nemo inda za ta cike giɓin da kanta. Abin da jihar ke biya daga baitulmalinta shi ne ɗan alawus da ake bai wa wani rukuni na ɗaliban. Muddin masu cin gajiyar ba su da yawa, jami'o'i na haɗiye giɓin ba tare da an ji kansu ba.

Faɗaɗawar 2019 da sharuɗɗan da suka biyo bayanta

Daga 1 ga Yuli 2019 aka cire sharaɗin fagen yaƙi daga yafewar. Shirin ya koma mataki biyu. Mataki na ɗaya na iyalan tsohon sojan da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta tarayya, wato VA, ta ƙiyasta naƙasarsa da aƙalla kashi 90 cikin 100, naƙasa ta dindindin kuma wadda aikin soja ya jawo, ko da ba a yaƙi ba. Waɗannan ana yafe musu kuɗin karatu da kuɗaɗen dole da makaranta ke ɗorawa kowane ɗalibi. Mataki na biyu na iyalan waɗanda abin ya same su a fagen fama ne, su kuma bayan yafewar ana ba su alawus na ɗaki, abinci da littattafai.

Yaro ko yarinya sai ya kasance tsakanin shekara 16 da 29. Yafewar na ɗaukar zangon karatu takwas, wato shekara huɗu. Tana aiki a makarantun gwamnatin Virginia kaɗai, ba ta shafi masu zaman kansu ba. Ba a kuma taƙaita ta ga digirin farko ba: wanda bai cinye zangunansa ba zai iya kai su digiri na biyu, ko karatun lauya, ko na likita, inda kuɗin shekara guda ya fi na digirin farko nesa ba kusa ba. Shi tsohon sojan kuma sai ya nuna alaƙarsa da jihar, ko dai ɗan Virginia ne lokacin da ya shiga soja, ko ya yi shekara biyar a jere yana zaune a jihar kafin a nemi shiga shirin.

Ana neman shiga ta shafin intanet na hukumar kula da tsofaffin sojoji ta jihar. Takardun da ake haɗawa su ne takardar sallama daga soja, wadda ake kira DD-214, da wasiƙar VA mai nuna kason naƙasa da cewa ta dindindin ce, da shaidar zama a jihar kamar takardun haraji, da takardar haihuwa ko ta aure. Hukumar na ba da shawarar a kammala kafin 1 ga Yuli in ana son zangon kaka, 1 ga Nuwamba in na bazara ne, 1 ga Afrilu kuma in karatun hutun tsakiyar shekara ne. Bayan an amince, ɗalibi ne zai riƙa shiga shafin kowane zango yana rubuta makarantar da yake. Wanda ya manta, sunansa ba zai fito a jerin da ofishin kuɗi na makaranta ke gani ba, sai kawai ya ga takardar biyan kuɗi ta iso.

Inda iyalai suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kashi 90 ɗin. VA ba ta tara kason cututtuka kamar yadda ake tara kuɗi. Tana fara ɗaukar mafi girma, sannan ta lissafa na biyu daga abin da ya rage na lafiyar mutum. A ɗauki sojan da ke da kashi 60 na ciwon baya da kashi 40 na gwiwa. Zai zaci ya kai 100. A lissafin VA, bayan an cire 60 saura 40, kashi 40 na wannan 40 kuma 16 ne. Jimla 76, a kai ta goma mafi kusa ta zama 80. Wannan bai cancanta ba. Wani mai kashi 70 da 50 kuwa, saura 30, rabinta 15, jimla 85, a ɗaga ta zuwa 90. Shi ya shiga, in dai wasiƙarsa ta ce naƙasar ta dindindin ce. In VA ta sa masa ranar sake duba lafiya nan gaba, to ba ta ɗauke ta a matsayin ta dindindin ba, kuma kashi 90 ɗin kaɗai ba zai wadatar ba.

Hauhawar kuɗi, 2019 zuwa 2023

Ɗaliban da ke cikin shirin sun tashi daga kusan 1,400 a 2019 zuwa sama da 6,000 a 2023. Kuɗin da makarantu suka yafe ya tashi daga kimanin dala miliyan 12 zuwa sama da miliyan 65, wato ya ninka fiye da sau biyar cikin shekara huɗu.

Faɗaɗawar 2019 ce babban dalili, amma ba ita kaɗai ba. 'Ya'yan waɗanda suka yi yaƙin Afganistan da na Iraƙi sun kai shekarun shiga jami'a a daidai wannan lokaci. A watan Agusta 2022 kuma gwamnatin tarayya ta kafa dokar PACT, wadda ta sauƙaƙa wa sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara da sauran gubobi hanyar samun amincewar VA cewa aikin soja ne ya jawo cutarsu. Duk sojan da kasonsa ya haura zuwa 90, iyalinsa sun samu ƙofar shiga.

Nauyin bai faɗa wa makarantu daidai wa daida ba. Waɗanda ke yankunan da iyalan sojoji suka fi yawa, irin su jami'ar Old Dominion da ke Norfolk da George Mason da ke Fairfax, da kuma Virginia Commonwealth da ke Richmond, babban birnin jihar, su suka fi jin jiki. Shugabannin jami'o'i suka fara kai kuka majalisa cewa giɓin na komawa kan sauran ɗalibai, domin daga kuɗin da su ke biya ake cike shi.

Gyaran farko, Janairu zuwa 13 ga Mayu 2024

A zaman majalisa na farkon 2024 an gwada gyara shirin ta hanyar ƙudiri mai zaman kansa, bai kai ga zama doka ba. A gefe guda kuma kasafin kuɗin shekara biyu, na 2024 zuwa 2026, ya maƙale tsakanin Gwamna Glenn Youngkin na jam'iyyar Republican da majalisun jihar biyu, ta dattawa da ta wakilai, da ke hannun 'yan Democrat. A watan Afrilu ɓangarorin suka amince su ajiye kasafin da ake taƙaddama a kai su rubuta sabo. A ranar 13 ga Mayu aka kira zama na musamman, aka zartar da sabon kasafin, gwamna ya sa hannu. A cikin shafukansa ne aka saka sababbin sharuɗɗan VMSDEP.

Sharuɗɗan sun taƙaita yafewar ga karatun difloma ta shekara biyu da digirin farko. Sun tilasta wa ɗalibi cike fom ɗin neman tallafin karatu, wato FAFSA na tarayya ko makamancinsa na jiha, kuma a fara amfani da sauran tallafin da ya samu kafin yafewar ta cike abin da ya rage. Sun tsaurara batun zama ɗan jiha, sun kuma sa sharaɗin ci gaba mai gamsarwa a karatu. An keɓe ɗaliban da ke cikin shirin tuni, da waɗanda suka riga suka tabbatar wa makaranta za su zo kafin 15 ga Mayu 2024. A karon farko kuma aka ware wa makarantu dala miliyan 20 a shekara don rage giɓin.

Dukkan jam'iyyun biyu sun kaɗa wa wannan kasafi ƙuri'a.

Yadda abin ya sauka a gidaje, 15 ga Mayu zuwa tsakiyar Yuni

Tsakanin sa hannu da ranar rufe ƙofa kwana biyu ne. Kuma shekarar ta zo da nata cikas: sabon fom ɗin FAFSA, wanda aka saba buɗewa 1 ga Oktoba, bai fito ba sai ƙarshen Disamba 2023, ya kuma zo da kurakurai. Makarantu ba su fara samun bayanan ɗalibai ba sai cikin Maris, har jami'o'i da dama a faɗin Amurka suka ɗage ranar da ɗalibi zai ba da amsar ƙarshe daga 1 ga Mayu zuwa gaba. Saboda haka a ranar 15 ga Mayu akwai 'yan ajin ƙarshe na sakandare da ba su yanke shawara ba tukuna, suna jiran ganin lissafin kowace makaranta. Akwai kuma ƙannen da suka rage shekara ɗaya ko biyu su gama sakandare, da matan sojoji da suka jinkirta karatunsu suna jinyar miji, da waɗanda suka biya digirin farko da wata hanya suka adana zangunansu takwas don karatun likita. Duk waɗannan keɓewar ba ta rufe su ba.

Sharaɗin fara amfani da sauran tallafi shi ya fi rikita lissafin gida. A misali, a ce kuɗin karatu da kuɗaɗen dole na wata ɗaliba dala 14,000 ne a shekara, kuma iyayenta masu ƙaramin ƙarfi ne har ta samu cikakken tallafin Pell na tarayya, wanda a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya kai dala 7,395. A tsohon tsari, an yafe mata 14,000 ɗin, Pell kuma ta biya ɗaki da abinci da littattafai. In aka ce sai an fara zuba Pell gaba ɗaya a kuɗin karatu, yafewar za ta sauko zuwa 6,605. A takarda har yanzu ba ta biya ko sisi na karatu ba. Amma kuɗin ɗakinta ya tafi, sai dai ta ci bashi ko ta nemi aikin dare.

Haka fargabar take game da alawus ɗin tarayya da ake kira Babi na 35, wanda VA ke biya kai tsaye ga 'ya'ya da abokan auren sojan da ya rasu ta dalilin aiki ko ya samu cikakkiyar naƙasa ta dindindin. A lokacin dala 1,488 ne a wata ga mai cikakken karatu, na tsawon wata 36. Iyalai da yawa sun gina shirinsu a kan cewa jiha ta ɗauke kuɗin karatu, Babi na 35 kuma ya ɗauke haya da cefane.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da matan da suka rasa mazajensu a yaƙi suka yi ca. A ranar 15 ga Mayu, kwana biyu bayan ya sa hannu, gwamna ya ba da umarnin kafa kwamitin da zai duba lamarin. Kwamitin ya zauna a watan Yuni a Richmond, iyalai suka cika zauren suna ba da bahasi ɗaya bayan ɗaya. Gwamnan ma ya fito ya nemi a soke sharuɗɗan duka.

Ƙoƙarin da ya ci tura, 18 ga Yuni zuwa 1 ga Yuli

Majalisar dattawa ta dawo zama a ranar 18 ga Yuni. Shugabar kwamitin kuɗi, Sanata Louise Lucas, ba ta gabatar da ƙudirin sokewar baki ɗaya ba, aka watse ba a yanke komai ba. Matsayin shugabannin majalisar shi ne shirin na girma fiye da ƙarfin makarantu, kuma komawa gidan jiya ba tare da wani tanadi ba ɗage matsalar ne kawai.

A ranar 28 ga Yuni majalisar wakilai ta zartar da sokewar da ƙuri'a 92, babu ko ɗaya da ya ƙi. A ranar 1 ga Yuli, ranar da sabuwar shekarar kasafi ta fara, dattawa suka sake zama da nasu tayin: a ɗage yawancin sharuɗɗan, a bar na ci gaba a karatu, a ƙara wa makarantu kuɗi. Ba a ɗauki ƙudirin wakilai ba, nasu ma bai kai ga ƙuri'a ba. Iyalan da suka yi tattaki zuwa Richmond karo na biyu suka koma hannu rabbana, alhali takardun biyan kuɗin zangon kaka sun kusa fitowa.

Mafita, 2 zuwa 18 ga Yuli

Washegari, 2 ga Yuli, Sanata Lucas da shugaban kwamitin kasafi na majalisar wakilai, Luke Torian, suka sanar da yarjejeniya. Za a soke sababbin sharuɗɗan duka. Za a kuma ɗebo dala miliyan 90 daga rarar kuɗin shigar jihar na shekarar da ta ƙare, miliyan 45 kowace shekara, a ɗora a kan miliyan 20 da aka riga aka ware. Makarantu za su samu miliyan 65 a kowace shekara ta kasafin.

A ranar 18 ga Yuli majalisun biyu suka zartar ba tare da hamayya ba, gwamna ya sa hannu a ranar. Ɗaliban zangon kaka na 2024 suka shiga makaranta a kan tsofaffin sharuɗɗa. An kuma ɗora wa hukumar binciken ayyuka ta majalisa, JLARC, nazarin shirin, ta gabatar da rahotonta a watan Oktoba na shekarar.

Me ya gaza, me ya yi aiki

Kukan jami'o'i gaskiya ne. Majalisa ta faɗaɗa alkawari a 2019 ba ta ware masa kuɗi ba, ta bar makarantu da ɗaliban da ke biyan kuɗi suna ɗaukar kayan. Hausawa na cewa alkawari kaya ne, kuma a nan wanda ya yi alkawarin daban, wanda aka aza wa kayan daban. Wannan kuskure ya girmi rikicin 2024 da shekara biyar.

Gyaran Mayu ya faɗi ne saboda ya nemi cike giɓin daga aljihun iyalai, kuma ya yi haka ba shiri. An saka shi cikin kasafi, inda babu zaman jin ra'ayin jama'a a kansa shi kaɗai, aka ba mutane kwana biyu a shekarar da tsarin neman tallafi ya rikice. Iyali kan tsara karatun yaro tun yana ƙaramar sakandare. Wasu sun zaɓi zama a Virginia bayan ritaya ne saboda wannan shiri, suna ƙirga shekarun nan biyar. Miliyan 20 ɗin da aka ware kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na giɓin 2023 ba, don haka ko su jami'o'in ba su samu abin da zai sa su tsaya kai da fata su kare gyaran ba.

A cikin sharuɗɗan, ba duka ne marasa hujja ba. Neman ɗalibi ya riƙa cin jarrabawarsa abu ne da kusan duk wani tallafin karatu ke nema, kuma ana iya muhawara ta gaskiya a kan ko ya kamata yafewar ta kai har makarantar likita. Wanda ya fi muni shi ne na fara cinye sauran tallafi, domin talaka yake cizo. Ɗan gidan masu hali ba shi da Pell da za a cire masa, yafewarsa na nan cikakkiya. 'Yar gidan da mahaifi ba ya iya aiki, mahaifiya kuma ta bar nata aikin tana jinyarsa, ita ce za ta rasa kuɗin ɗaki. Irin wannan gida kuwa shi ne aka kafa shirin dominsa tun farko.

Akwai jihar da ta rage irin wannan shiri ba ta yanke wa kowa hanya a tsakiya ba. A 2011 Indiana ta sauya nata tsarin na 'ya'yan sojojin da suka naƙasa, amma ta ɗaura sauyin a kan ranar da mahaifi ya shiga soja. Wanda ya shiga kafin ƙarshen Yuni 2011, 'ya'yansa na nan a kan cikakkiyar yafewa. Wanda ya shiga bayan 30 ga Yuni 2011, ana yafe wa ɗansa kashi 20 cikin 100 haɗe da kason naƙasarsa; mai kashi 50 ke nan a yafe wa ɗansa kashi 70. Sauƙin da irin wannan gyara ke kawo wa baitulmali yana ɗaukar shekaru kafin a gan shi, shi ya sa bai dace da mai neman cike giɓin bana ba. Amma kowane soja ya san sharaɗin tun ranar da ya sa hannu.

Abin da ya warware rikicin Virginia shi ne jihar ta karɓi nauyin da ta daɗe tana turawa makarantu. Da kuɗi ya fito, dattawan da suka ƙi sokewa sau biyu suka amince cikin kwana guda. Sai dai miliyan 90 ɗin daga rara ta fito, rara kuma ba kowace shekara ake samunta ba. Miliyan 65 a shekara daidai take da giɓin 2023, alhali sharuɗɗan shiga na nan yadda suke kuma sababbin ɗalibai na ci gaba da zuwa. Kasafin da ya ɗauki wannan kuɗi na shekara biyu ne, wa'adinsa 30 ga Yuni 2026.